Filin Tambayi Likita: Maƙoƙon da Tushensa Ke Cikin Kai

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina rubuto wannan wasiƙa ne a kan maigidana, wanda shekarunsa 44, kuma direban motar haya ne. Kusan shekara biyu ke nan yana ramewa alhali cin abincinsa ƙaruwa ya yi, zuciyarsa tana bugawa da sauri, hannunsa yana rawa har ba ya iya ɗaukar kofin shayi a cike sai ya zubar, kuma ko a tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke neman bargo, shi a tsakar gida yake kwana da 'yar singileti yana zufa. Wuyansa ya ɗan kumbura. An ce mana maƙoƙo ne irin mai sa jiki gudu, aka ɗora shi a kan kabimazol, ya sha tsawon wata 14. Idan yana sha yakan ɗan sami sauƙi, amma wuyan sai ƙara girma yake yi, har aka ba mu shawarar a yi masa tiyata a cire. Ana saura mako biyu sai wata likita ta duba takardunsa ta ce a dakata, domin a gwajin farko, tun kafin ya fara shan magani, T4 ya hau sosai amma TSH bai sauka ba, yana 5.8. Ta ce tana zargin ƙari ne a wani wuri cikin kai da ake kira fituwitari. Ga shi kwanan nan yana fama da ciwon kai, kuma sau biyu yana gogar mai babur da ya rantse bai gan shi ba. Likita, ta yaya ciwon wuya zai koma ciwon kai? Cutar kansa ce, wato ciwon daji? Sai an fasa kansa? Kuma 'ya'yanmu huɗu za su gada? *Daga wata mai karatu a Gusau.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan kula, domin wasiƙarki ta ƙunshi kusan duk abin da likita yake so ya ji. Zan fara da abin da ba ya jira: maigida ya ajiye tuƙi daga yau har sai likitan ido ya auna faɗin ganinsa. Na san motar ce abincin gida, kuma ban ɗauki wannan magana da sauƙi ba, amma mutumin da ya goge mai babur sau biyu ba tare da ya gan shi ba yana iya kasancewa ya rasa gani ta gefe, kuma mai irin wannan matsala yakan karanta allon haruffa na asibiti sarai har a ce idonsa lafiya. Abu na biyu shi ne, shawarar da likitar nan ta ba ku ta dakatar da tiyatar wuya daidai ce, ku riƙe ta da hannu biyu.

Domin a fahimci yadda wuya da kai suka haɗu, sai a dubi yadda Allah ya tsara aikin. A gaban wuya akwai wata tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da ake kira tayirod, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda suke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da zafin jiki. To amma tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar gujiya ba, nauyinta kamar rabin giram, tana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi. Ita ce fituwitari, kuma daga cikin saƙonnin da take aikawa ta jini akwai TSH, wanda ma'anarsa ga tayirod ita ce a ƙara aiki. Ki ɗauka kamar noman rani ne a fadama: tayirod ce injin ban-ruwa, fituwitari kuwa mai gona ne da ke tsaye yana duban fangali. Idan ƙasa ta bushe sai ya ɗaga murya a ƙara ruwa, idan fangali ya cika sai ya yi shiru. Saboda haka a jikin mai lafiya, duk lokacin da T4 ya hau dole TSH ya sauka, kuma duk lokacin da T4 ya sauka dole TSH ya hau.

A mafi yawan masu irin alamun maigida, laifin yana wuyan ne. Wanda ya fi yawa shi ne cutar Graves, mai ɗauke da sunan likitan nan ɗan ƙasar Ailan, Robert Graves, da ya bayyana ta a 1835, inda garkuwar jiki take tunzura tayirod ta yi ta aiki babu umarni. A wannan hali fituwitari lafiyarta ƙalau, ta ga ruwa ya yi ambaliya ta yi tsit, shi ya sa ake samun TSH ya faɗi ƙasa warwas, sau da yawa ƙasa da 0.01, alhali a yawancin ɗakunan gwaji ma'aunin mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka. To ki dubi takardar maigida: T4 ya cika ya tumbatsa, amma TSH yana 5.8. Ko da 2 aka samu, wanda na'ura za ta rubuta cewa daidai ne, da bai dace ba, domin mai gonar da ke ci gaba da kiran a ƙara ruwa alhali gona ta zama tafki akwai abin da ke damunsa. A nan ne ake yawan yin kuskure, saboda ido yakan tsaya a kan lambar da aka ja wa layi, ya tsallake wadda ke cikin ma'auni, alhali lambobin biyu tare ake karanta su. Kuma abin da ya ƙara wa takardarku nauyi shi ne an yi gwajin kafin a fara kabimazol, domin bayan an fara magani lambobin sukan yi ta hawa da sauka ta yadda fassara su ke wuya. Ki adana wannan takarda ta farko da kyau, ki ɗauki hotonta a waya, ta fi duk sauran daraja.

Ƙarin da likitar take zargi yana tasowa ne daga ƙwayoyin fituwitari masu yin TSH, su hayayyafa su zama dunƙule, su daina sauraron saƙon da ke cewa ya isa. Ciwo ne da ba a cika gani ba. Ƙari a fituwitari shi kansa ba baƙon abu ba ne, amma irin wannan bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na dukkansu ba, kuma a cikin mutum miliyan ɗaya da wuya a sami fiye da mutum ɗaya zuwa uku masu shi. A 1960 ne likitoci biyu, Jailer da Holub, suka fara kawo rahoton mai irin wannan ciwo, kuma sai da aka sami na'urorin awon TSH masu kaifi a shekarun 1980 sannan gano shi ya fara sauƙi. Na faɗi wannan ne domin kada ku ɗauki abin da ya faru a matsayin sakacin wani. Likita yana iya yin aiki shekara talatin bai gamu da ko ɗaya ba. A rahotannin da aka tattara daga ƙasashe daban-daban, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon an riga an cire musu tayirod ko an ƙona ta da maganin aidin mai tururin nukiliya kafin a gane inda matsalar take.

Wannan kuwa shi ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki, kuma illarsa ta wuce ɓata lokaci. Ko da yake ƙarin ba ya jin magana sosai, yawan T4 a jini yana ɗan taka masa birki. Idan aka cire tayirod, birkin ya tafi, sai ƙarin ya sami sarari ya ƙara girma ya kutsa cikin abin da ke kewaye da shi, kuma an lura cewa waɗanda aka yi wa haka sun fi zuwa da manyan ƙari masu wuyar cirewa. Haka nan shan kabimazol shi kaɗai na tsawon lokaci yana rage T4 ya ƙara ɗaga TSH, wanda shi ne dalilin da ya sa kika ga jiki yana samun sauƙi amma wuya yana ƙara kumbura. Duk da haka kada maigida ya yanke maganin da kansa, domin zuciyarsa tana bukatar kariya kafin a kammala bincike. Likitan da ke bin sa ne zai tsara yadda za a yi. Idan kuma yana cikin shan kabimazol ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakata ya je a auna fararen ƙwayoyin jininsa a ranar, domin a wasu 'yan tsiraru maganin yana karya su.

Game da gani da ciwon kai, bayanin yana ga wurin da fituwitari take zaune. Daidai samanta ne jijiyoyin gani na ido biyu suke gittawa, kuma zaren da ke gittawar su ne masu ɗauko hoton abin da ke gefen waje na kowane ido. Kusan uku cikin huɗu na irin wannan ƙari sun riga sun wuce santimita 1 lokacin da aka gano su, kuma idan ƙari ya tasa sama ya danne mahaɗar nan, mutum yakan zama kamar dokin da aka rufe wa gefen idanu: gabansa fes, dama da hagu duhu. Yakan bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗa, ko mutum ya zo gefensa ya tsaya bai sani ba. Za ki iya gwadawa a gida: ku zauna kuna fuskantar juna, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kafa ɗayan a kan hancinki, ke kuma ki kawo yatsa a hankali daga can gefe kina motsa shi, ya faɗa miki lokacin da ya fara gani, sannan ku sauya ido. Wannan ba ya maye gurbin awon asibiti, amma yakan gamsar da magidancin da ke musun cewa idonsa na da matsala. Idan kuma wata rana ciwon kai mai tsanani ya sauko masa farat ɗaya, da amai, ko gani ya dushe, ko fatar ido ta faɗo, to ku nufi sashen gaggawa ko tsakar dare ne, domin jini yana iya zuba cikin ƙarin.

Yanzu sai batun tabbatarwa, kuma a nan ina so ki yi haƙuri da likitoci idan kika ga ba su garzaya ɗaukar hoton kai ba, ko sun ɗauka amma ba su yanke hukunci da shi kaɗai ba. Dalili shi ne, idan aka ɗauki mutum goma masu lafiya aka yi musu hoton MRI, ana iya ganin ɗan ƙaramin tabo a fituwitarin mutum ɗaya, tabon da ba ya komai kuma ba zai taɓa yin komai ba. Wanda ya fara da hoto yana iya ɗora wa wannan tabo laifin da ba nasa ba. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Masana Tayirod ta Turai ta fitar a 2013 sun bi wannan tsari ne: a fara da jini, a tabbatar lambobin gaskiya ne, a bambance ciwon da takwaransa, hoto ya zo ya nuna wurin.

Matakin farko shi ne a sake gwajin a wani ɗakin gwaji mai amfani da na'urar wani kamfani dabam, domin a jinin wasu mutane akwai sinadaran garkuwa da ke rikita na'ura ta ba da lambar ƙarya, kuma wannan ya fi shi kansa ƙarin yawa nesa ba kusa ba. A tabbatar kuma T4 da ake aunawa shi ne wanda ke yawo a sake cikin jini, domin jimillarsa takan hau ga mai juna biyu ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ba tare da wani ciwo ba. Sannan a tambayi magungunan da mutum ke sha, musamman amiyodaron na zuciya, da allurar hefarin mai hana jini daskarewa, da kuma maganin tayirod ga wanda yake sha yau ya bari gobe.

Idan lambobin suka tabbata, saura abu biyu, na farko shi ne ƙarin, na biyun kuma shi ne ya shafi tambayarki a kan yara. Akwai wani yanayi na gado da likita Samuel Refetoff ya fara bayyanawa a Amurka a 1967, inda jiki, har da fituwitari, ba ya jin sinadarin tayirod yadda ya kamata saboda wani sauyi a ƙwayar halitta. A misalinmu, wannan mai gona ne mai raunin gani, wanda ba ya lura ruwa ya isa sai ya kai masa gwiwa. Takardar gwajinsa kamar ta mai ƙari take, T4 a sama, TSH bai sauka ba, amma babu abin cirewa a kansa, kuma da yawansu ba sa bukatar wani magani in ban da na rage bugun zuciya. Hanya mafi araha ta bambancewa ita ce a auna TSH da T4 na iyayen maigida, da 'yan'uwansa na jini, da yaranku; idan aka ga irin lambobinsa a jikin wani daga cikinsu, to gado ne, domin shi ƙarin kusan kullum mutum ɗaya yake samu a dangi. Sauran gwaje-gwajen na ƙwararru ne. Akwai awon wani ɓangare na TSH da ake kira alfa, wanda ƙari yake zubarwa fiye da kima, da awon wani furotin na hanta mai suna SHBG, wanda yake hawa ga mai ƙari. Akwai ba da ƙwayar T3 ta kwana 8 zuwa 10 a ga ko TSH zai rusuna, abin da ƙari ba ya yi, sai dai ba a yin wannan ga tsoho ko mai ciwon zuciya. Akwai allurar TRH, wato saƙon da ƙwaƙwalwa take aikawa don tayar da TSH, wadda take ɗaga shi ga mai yanayin gado amma yawancin ƙari ba sa motsawa. Ba kowane ɗakin gwaji ne yake yin waɗannan ba, wasu sai an aika da jini wani wuri. A ra'ayina, ga mutumin da ya kai shekara 42 lafiya lau sannan alamu suka taso masa, ga ciwon kai ga raunin gani ta gefe, zargin likitar yana da ƙarfi, kuma saboda batun ido bai kamata hoton MRI ya jira sauran sakamako ba. A yi su tare. A kuma auna sauran sinadaran fituwitari, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan ƙari suna haɗawa da fitar da sinadarin girma, mai sa hannu da ƙafa da muƙamuƙi su ƙara faɗi, ko furolaktin, sinadarin ruwan nono, wanda yawansa ke rage sha'awa ga namiji ya rikita al'ada ga mace. Ki tuna ko takalminsa ko zobensa sun matse shi a 'yan shekarun nan, ki gaya wa likita.

Kin tambaya ko kansa ce. Kusan dukkan irin wannan ƙari ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, kuma waɗanda suka rikiɗe a duk duniya 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Ɓarnarsa ta danniya ce a inda yake, da kuma wahalar da yake ɗora wa zuciya da ƙashi ta hanyar tayirod.

Maganin farko tiyata ce, amma a mafi yawan lokuta ba a fasa ƙoƙon kai. Ta hanci ake bi, da siririn bututu mai fitila da kyamara, a ratsa wani kogon iska da ke bayan hanci a iso gurbin fituwitari ta ƙasa, ba tare da an taɓa ƙwaƙwalwa ba, kuma babu tabo a fuska. Hanya ce da aka fara gwadawa tun 1907, aka kyautata ta da madubin ƙara girma a shekarun 1960. Kafin a shiga aiki dole a kwantar da tayirod, domin sa wa mai gudun jiki maganin barci haɗari ne. Ana yin haka da allurar da zan yi bayani a ƙasa, ko da kabimazol na ɗan lokaci, tare da furofaranolol don bugun zuciya da rawar hannu, in dai mutum ba mai asma ba ne. Gaskiyar da ya kamata ku sani ita ce irin wannan ƙari yakan yi tauri da zare-zare, ba kamar sauran ƙarin fituwitari masu laushi da ake zuƙewa ba, kuma idan ya kutsa gefe inda manyan jijiyoyin jini na kai suke wucewa, likita mai hankali yakan bar saura maimakon ya jefa rai cikin haɗari. Ƙanana yawanci ana cire su kakaf, manya kuwa sau da yawa sai an haɗa da wani magani. Saboda haka ku nemi a tura ku asibitin koyarwa inda likitan sinadaran jiki, da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, da likitan ido suke aiki tare, kuma kada ki ji nauyin tambayar mai tiyatar sau nawa yake yin wannan aiki ta hanci a shekara. Tambaya ce ta haƙƙi, kuma sakamakon aikin ya dogara ƙwarai a kan sabon hannu.

Bayan aiki, idan aka auna TSH cikin mako guda aka ga ya ɓace, alama ce mai kyau cewa an kwashe ƙarin duka, domin lafiyayyun ƙwayoyin da suka daɗe a danne sukan ɗauki makonni kafin su farfaɗo, har wani ya bukaci ƙwayar tayirod na ɗan lokaci. Abubuwan da za ki sa wa ido a gida su ne ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari fari kamar ruwa, ko ruwa garai-garai mai ɗanɗanon gishiri yana ɗiga daga hanci, ko kasala da tashin zuciya da ruɗewa wajen kwana 5 zuwa 10 bayan aiki, wanda yakan nuna gishirin jini ya sauka. Kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti a ranar. Za a hana shi fyace hanci, da ɗaukar kaya mai nauyi, da sunkuyar da kai na wasu makonni, don haka ku tambayi likitan tun kafin a sallame ku yaushe zai koma yin sujada da shaƙa ruwa a alwala, ya yi sallarsa a zaune kafin lokacin.

Idan an bar saura, ko tiyata ba ta yiwu ba, akwai allura mai kwaikwayon wani sinadari na jiki da ke hana fituwitari zubar da TSH. Biyu ne aka fi sani, oktiriyotaid da lanriyotaid, kuma masu dogon aiki daga cikinsu sau ɗaya ake yi duk kwana 28. A wannan ciwo suna aiki ƙwarai: kusan tara cikin goma sinadaran tayirod ɗinsu sukan dawo daidai, maƙoƙon yakan ragu ga wasu, kuma shi kansa ƙarin yakan motse ga kamar huɗu cikin goma. Illolinsu su ne murɗar ciki da gudawa a farkon farawa, da tsakuwa a matsarmama, da ɗaga sukarin jini, shi ya sa ake bin mai yin su da hoton ciki da awon sukari. Matsalarsu a wurinmu ita ce tsada mai yawa, da wuyar samu, da kuma cewa dole a ajiye su cikin firiji, abin da ke bukatar shiri a inda wuta ba ta tsayawa. Kuma suna danne ciwon ne muddin ana yi. Hanya ta uku ita ce gashi da haske mai ƙarfi da ake saitawa kan saurar ƙarin, wanda amfaninsa yakan ɗauki shekaru kafin ya cika, kuma sannu a hankali yana iya raunana sauran aikin fituwitari har mutum ya koma shan sinadaran maye gurbi. Ko wace hanya aka bi, ana duba mutum sau biyu ko uku a shekarar farko, sannan duk shekara, da hoton kai lokaci-lokaci. Gani da aka rasa saboda danniya yakan dawo, wani lokaci cikin kwanaki bayan aiki, matuƙar jijiyar ba ta daɗe a danne har ta mutu ba, kuma wannan ne ya sa nake roƙon kada awon ido da hoton su wuce wannan makon ko mai zuwa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanwata ce mai shekara 19, ta fi shekara tana fama da kasala da yawan barci da jin sanyi, fuskarta ta kumbura, al'adarta ta rikice, har wani farin ruwa yana fita daga ƙirjinta alhali ba ta da aure. An auna jininta aka ce TSH ya haura 100, T4 kuma ya yi ƙasa sosai. Hoton MRI ya nuna fituwitarinta ta kumbura, wani ya ce mana ƙari ne mai fitar da TSH, sai an yi aiki. Mahaifiyarmu ta kasa barci. Mene ne shawararka? *Daga wani mai karatu a Maraɗi.*

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Na haɗa wasiƙarka da ta sama da gangan, domin kalmomin iri ɗaya ne amma ciwon kishiyar juna ne. Ka lura da lamba ta biyu: a wurin ƙanwarka T4 ƙasa ya yi. Da a ce ƙari ne ke zubar da TSH har ya haura 100 a kan lafiyayyar tayirod, da T4 ya cika jini, da ramewa da zufa take yi maimakon barci da jin sanyi. Abin da takardarta ke nunawa shi ne tayirod ɗinta ce ta gaza, fituwitari kuma tana aikinta daidai, tana ta kiran a ƙara ruwa ga injin da ya tsaya. Idan aka daɗe a haka, ƙwayoyin da ke yin TSH sukan yawaita su kumbura kamar yadda damtsen maƙeri yake cika saboda aiki, har a hoto su yi kama da ƙari. Saƙon da ƙwaƙwalwa take aikawa don tayar da TSH yana tayar da furolaktin ma, kuma wannan shi ne bayanin ruwan ƙirjin da rikicewar al'ada. Ka gaya wa Mama wannan a fili, domin na san irin zargin da yarinya budurwa take iya fuskanta a kan alama irin wannan, alhali ciwo ne tsantsa.

Abin da ya fi jawo gazawar tayirod ga 'yan mata shi ne ciwon Hashimoto, wanda wani likita ɗan Japan ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki take cinye tayirod a hankali, kuma ana iya tabbatar da shi da gwajin jini. Ƙarancin aidin a abinci ma yana jawowa, shi ya sa ake sa aidin a gishirin da ake sayarwa. Maganin shi ne ƙwayar lebotayirosin, mai maye gurbin T4, kullum, kuma a mafi yawan masu irin wannan hali kumburin fituwitarin yakan sace da kansa cikin 'yan watanni, ruwan ƙirji ya tsaya, al'ada ta daidaita. Yin tiyata a nan cire lafiyayyar tsoka ne, kuma yana iya barin yarinya da rashin sinadaran da take bukata don haihuwa har ƙarshen rayuwarta.

Ban ga hoton ba, don haka ku kai shi da takardun jinin wurin likitan sinadaran jiki kafin ku amince da kowane aiki, a auna faɗin ganinta, a kuma duba sinadarin kotizol, mai taimaka wa jiki jure wahala, kafin a fara magani, domin idan shi ma ya yi ƙasa shi ake fara gyarawa. Ta riƙa shan ƙwayar da ruwa zalla da sassafe, ta jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ta sha koko ko shayi, ta kuma raba ta da maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙashi da kamar awa 4, domin suna hana ta shiga jiki. Za a sake awon jini bayan mako 6 zuwa 8 a daidaita adadin, sannan a sake hoton MRI bayan kamar wata 3 da dawowar TSH kusa da ma'auni. Idan a lokacin kumburin bai ragu ba, ko ganinta ya fara taɓuwa kafin lokacin, sai a sake zama da likitan tiyata a duba ko akwai wani abu dabam a wurin.